An yi sulhu, an sa hannu: ina ikon alƙali ya tsaya a rikicin gado?

Ranar 16 ga Fabrairu 2024 sabuwar dokar OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka masu daidaita dokokin kasuwanci, kan karɓo bashi da zartar da hukunci ta fara aiki a ƙasashe 17 na ƙungiyar, ciki har da Kamaru da Cadi. An amince da ita a Kinshasa ranar 17 ga Oktoba 2023, ta maye gurbin ta 1998. Ta tsara yadda ake kama dabbobi da kuɗin waya saboda bashi, ta kuma sa yarjejeniyar masu shiga tsakani, idan an buga mata hatimin zartarwa, cikin takardun da ake tilasta mutum da su. Wanda ya ji labarin a sama-sama zai ɗauka kowace takardar sulhu ta zama hukunci ke nan, kuma alƙali zai bi ta har sai kowa ya sami abin da ya dace da shi. Duka biyun ba haka suke ba. A rikicin gado, inda sau da yawa maganar dattawa ita ce "a je gida a daidaita", wannan kuskure na iya cinye wa mutum gida ko gona.

Takardu uku, suna ɗaya

Idan Bahaushen Garwa ko Marwa ya ce "muna da takardar sulhu", sai an tambaye shi wacce. Ta farko ita ce wadda aka rubuta a zauren gida, ko gaban liman, ko wurin jauro da lawan, ko a fadar lamiɗo. Dokar sarautun gargajiya ta Kamaru ta 15 ga Yuli 1977 ta ba sarakuna damar sasanta talakawansu bisa al'ada, don haka zaman ba na banza ba ne. A idon dokar farar hula da yankunan masu Faransanci suka gada daga Faransa, wannan takarda yarjejeniya ce ta kashe rigima, irin wadda sashe na 2044 ya bayyana, kuma tana ɗaure waɗanda suka sa hannu. Amma wisiye, wato jami'in da ke kai sammaci da kama kaya, ba zai iya ɗaukarta ya buɗe shagon kowa ba. Idan wani ya saɓa, sai an kai ta kotu tukuna.

Ta biyu ita ce takardar sulhun da aka yi gaban alƙali, shi da masu rigimar suka sa hannu, ko wadda aka yi a waje aka kawo ya tabbatar. Ta uku ita ce ta notar, wato jami'in da hukuma ta ba ikon rubuta yarjejeniya da tabbatar da ita. Waɗannan biyun sashe na 33 na dokar OHADA ya lissafa su cikin takardun zartarwa. Abin da ke ba hukunci ko takardar notar haƙora shi ne 'yan layukan da ake bugawa a ƙarshen kwafin da ma'aikatan kotu ke kira goros, inda Shugaban Ƙasa ke umartar wisiye da masu gabatar da ƙara da jami'an tsaro su taimaka a zartar.

Hukuncin sulhu jinsi biyu ne a jiki ɗaya. Daga waje hukunci ne, da hatimi da ƙarfin hukuma. Daga ciki kuwa maganar magada ce: alƙali bai auna hujja ba, bai ce wane ne mai gaskiya ba, ya shaida ne kawai cewa ga abin da suka yarda. Duk iyakokin da ke tafe daga nan suka samo asali.

Alƙalin zartarwa ba ya sake shari'a

Dokar 19 ga Afrilu 2007 ta ware alƙalin da ke sauraren rigimar da ta taso wajen zartar da hukunci a Kamaru, wanda shi ne shugaban kotun da hukuncin ya fito daga gare ta. Aikinsa ya duba ko an bi ƙa'ida wajen kama kaya, ko takardar ta isa, ko kayan na mai bashin ne. Ba shi da hurumin komawa ya buɗe rabon.

A ɗauki misali. Wani ɗan kasuwa ya rasu a Garwa, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata biyu. Dukiyarsa gida mai titir fonsiye, wato takardar mallakar fili mai rajista, a unguwar Hausare, shago a babbar kasuwa, gona a wajen Pitowa da ba ta da takarda, da shanu a hannun makiyayi. A ce bayan biyan bashi an ƙiyasta duka sefa miliyan 32. A lissafin fara'id matan biyu za su raba tumuni, miliyan 4. Sauran miliyan 28 a kasa takwas: kowane namiji miliyan 7, kowace mace miliyan 3 da rabi. Rigima ta kai kotu, dattawa suka sa baki, aka dawo da sulhu alƙali ya sa hannu. Babban wa zai riƙe gida da shago, ƙaramar ƙanwa ta fita daga gadon a kan miliyan 3, "za a biya ta idan hali ya yi".

Shekara biyu ta wuce. Duk lokacin da ta ce, "Yaya, ina maganar kuɗina?" amsar ɗaya ce: "Ki ƙara haƙuri ƙanwata, kasuwa ba ta motsi." Ta ɗauki goros ta kai wa wisiye. Nan za ta ci karo da sharaɗin da dokar OHADA ta gindaya: ba a tilasta biyan bashi sai tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. Nata tabbatacce ne, adadinsa a rubuce yake, amma ranar biya fa? Lauyan wanta zai ce hali bai yi ba. Tana iya tsayawa gaban alƙali ta ce, "Ranka ya daɗe, ya sayi mota bana." Alƙalin zartarwa na iya yarda da ita a zuci, amma idan ya sa ranar da takarda ba ta sa ba, ya rubuta wa magada sabon sulhu ke nan. Mafi yawan abin da zai faru shi ne a maida ta ga alƙalin asalin shari'a ya yanke wa'adin, wato sabuwar ƙara, sabon kuɗi.

Da an rubuta "miliyan 3, kafin ranar kaza ga watan kaza", da labarin ya sha bamban. Wisiye zai kai takardar umarnin biya, bayan kwana takwas ya iya kama kayan shago, ko a tare kuɗin da ke banki. Kalma huɗu ne, "idan hali ya yi", suka raba hanyoyin biyu, kuma kalmomi ne da ake sawa don kara da kunya, don kada a ce ƙanwa ta sa wa wanta wa'adi.

Haka abin yake ga dukiyar da ba a ambata ba. Sassa na 2048 da 2049 na dokar farar hula sun ce sulhu ba ya wuce abin da aka yi shi a kansa. Idan daga baya aka gano marigayin yana da fili a Ngawundare, ba za a cusa shi cikin tsohuwar takarda ba. Wan ba zai ce ƙanwa ta yafe shi ba tunda ba a yi maganarsa ba, ita ma ba za ta sa wisiye ya karɓo mata kaso da tsohon goros ba. Sai dai inda aka rubuta cewa ta yafe "duk abin da marigayi ya bari, sananne da wanda ba a sani ba". Irin wannan jimla tana da nauyi, kuma ba kowa ke lura da ita ba a ranar sa hannu, balle idan da Faransanci aka rubuta aka fassara masa da baki a gurguje.

Wanda bai sa hannu ba

Sashe na 2051 ya ce sulhun da ɗaya daga cikin masu haƙƙi ya yi ba ya ɗaure sauran. A gidajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai ɗan da ke Kano ko Njamena da aka ce "an yi masa waya ya yarda". Akwai matar da aka saka tana cikin idda lokacin rasuwar. Akwai 'ya'yan wata mata a wani gari da ba a gayyata ba. Yardar waya ba wakilci ba ce idan babu takardar wakilci. Magajin da aka tsallake na da hanyar ƙalubalantar hukuncin da ya taɓa haƙƙinsa ba tare da an kira shi ba, kuma alƙalin zartarwa ba zai fitar da shi daga gida da takardar da ba ta san da shi ba.

Marayu ƙanana sun fi kowa kariya a rubuce. Sashe na 467 bai yarda waliyyi ya yi sulhu a madadin yaro da ra'ayin kansa ba, sai da izinin majalisar dangi da tabbatarwar kotu. Baffan da ya sa hannu "a madadin yara" a zaure ya bar ƙofa a buɗe, yaran na iya shigowa ta cikinta ranar da suka girma.

Wani ruɗanin kuma shi ne hukuncin tabbatar da magada, wanda bankuna da ofishin filaye ke nema. Wannan hukunci yana faɗin su wane ne magada da wanda zai kula da dukiyar kafin rabo. Bai raba komai ba, kuma mai kula ba mai gida ba ne. Da yawa sukan riƙe shi suna zaton hukuncin rabo ne.

Ƙasa tana da nata dokoki

A nan ne takardar sulhu ta fi yin rauni. Dokar filaye ta 6 ga Yuli 1974 ta ce duk cinikin da ya shafi mallakar fili mai rajista sai ta hannun notar, in ba haka ba ɓatacce ne. Ta kuma ɓata sayar da filin da ba shi da rajista. Gonar Pitowa a misalinmu, ko gonar muskuwari da iyali suka gada kaka da kakanni a karkarar Marwa, idan ba ta da titir fonsiye tana cikin filayen ƙasa ne a idon doka, ko da kowa a garin ya san ta gidan wane ce. Magada na iya yarda a tsakaninsu wa zai noma wane ɓangare, amma sa hannun alƙali bai mayar da wannan mallaka ba. Jayayya kan mallakar irin wannan fili ma kwamitin filaye da sufirefe, wato jami'in mulkin gunduma, ke shugabanta ake kai wa.

Gida mai takarda kuwa, sulhu ba ya sauya sunan da ke kan titir da kansa. Sai an bi matakan ofishin rajistar filaye, an auna an yanka idan rabawa za a yi. Muddin ba a raba ba, sashe na 249 na dokar OHADA ya hana a sa kason mutum ɗaya a gwanjo kafin rabo. Ke nan mai bin ɗaya daga cikin magada bashi ba zai sayar da gidan gado a kan sauran ba, sai dai ya nemi a raba tukuna.

Inda alƙali ke da ɗan sarari

Ba a ɗaure masa hannu gaba ɗaya ba. Sashe na 39 na dokar OHADA ya ba kotu damar jinkirta biya ko rarraba shi, bayan duba halin mai biya da buƙatar mai karɓa, amma kada ya wuce shekara ɗaya, kuma kuɗin ciyarwa ba ya cikin wannan rangwame. Kuskuren lissafi ana gyara shi, in ji sashe na 2058 na dokar farar hula. Ana iya sa wa mai taurin kai tarar da ke ƙaruwa kullum har ya cika abin da ya ɗauka. Shi ma wisiye yana da iyaka: ba ya fara aiki kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan shida na yamma, ba ya yi ranar Lahadi ko ranar hutu, sai da izini na musamman.

Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 12 ga Yuli 2016 ta ƙara abu biyu da suka shafi wannan batu. Sashe na 181-1 ya mai da ƙin bin hukuncin kotu da ya tabbata laifi. Maganarsa kan hukuncin kotu ce, ba takardar zaure ba. Sashe na 358-1 kuma ya hukunta korar miji ko mata daga gidan aure ba ta hanyar shari'a ba, ya tsananta hukuncin idan wani ne daban ya yi korar. Wanda gida ya faɗo wa a sulhu ba shi da ikon fitar da kayan matar ubansa waje da hannunsa.

Warware sulhu: wata ƙofa ce daban

Mai ganin an cuce shi yakan nufi ɗaukaka ƙara. Amma a ina alƙali ya yi kuskure, tunda ba shi ya yanke ba? Sashe na 2052 na dokar farar hula ya ba sulhu ƙarfin hukuncin ƙarshe tsakanin masu shi, ya ce ba a rushe shi don wani ya jahilci doka ko ya ga ya yi asara. Hanyar da ta rage ita ce ƙarar neman ɓata yarjejeniyar kanta, bisa dalilan sashe na 2053: yaudara, tilas, ko kuskure kan mutum ko kan abin da ake rigima a kai. Wan da ya ɓoye rabin garke ya ce annoba ta cinye, idan an tabbatar, ya ba da dalilin rushewa. A rabon gado akwai ƙarin kariya a sashe na 887, wanda ya ba magajin da aka tauye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na rabonsa damar neman a warware.

Nan wata tambaya mai wuya ke tasowa: rabonsa a wane ma'auni? Sashe na 745 na dokar farar hula ya daidaita 'ya'ya ba tare da duba namiji ko mace ko babba ba. Kotun al'ada ta matakin farko, wadda dokar 19 ga Disamba 1969 ta tsara, tana aiki ne da al'adar masu shari'a tare da masu ba da shawara da suka san ta, kuma a tsakanin Musulmin arewa wannan al'ada ta ginu a kan fiƙihun Malikiyya. Kotun ba ta da hurumi sai duka ɓangarori sun yarda da ita, wanda bai yarda ba kuma sai ya faɗa tun farkon zama. Ƙanwar misalinmu da ta karɓi miliyan 3 a madadin 3 da rabi ba ta kai tauyewar kashi ɗaya cikin huɗu ba a lissafin fara'id. A lissafin daidaita 'ya'ya kuwa ta wuce shi nesa. Kamaru ba ta kammala dokar iyali guda ɗaya ba har yanzu, Cadi ma haka, shi ya sa kotun da aka fara shiga take da tasiri sosai a kan sakamako.

Wannan taƙaita ikon alƙali ba na masu Faransanci kaɗai ba ne. A Indiya dokar shari'ar farar hula ta 1908 ta hana ɗaukaka ƙara kan hukuncin da aka yi da yardar ɓangarori, kuma kotunansu sun daɗe a kan cewa kotun zartarwa ba ta tona abin da ke bayan hukunci. Kotun Ƙolin Amurka a 1971 ta ce ana neman ma'anar irin wannan hukunci ne cikin abin da aka rubuta, ba cikin burin wani ɓangare ba. A Najeriya tsarin mulkin 1999 ya ce sai an nemi izinin kotu kafin a ɗaukaka ƙara a kansa.

Abin da malamai ke cewa

Fiƙihu ya yabi sulhu, aya ta 128 ta Suratun Nisa'i ta kira shi alheri. Amma hadisin da Tirmizi da Abu Dawud suka ruwaito ya sa masa iyaka: ya halatta tsakanin Musulmi, ban da wanda ya halatta haram ko ya haramta halal. Fitar magaji daga gado a kan wani abu da aka ba shi, wato takharuji, sananne ne tun zamanin sahabbai. Malikiyya sun kuma ba wanda aka zalunta damar warware sulhu idan abokin rigimarsa ya amsa gaskiya daga baya, ko wata shaida da bai san da ita ba ta bayyana. A wannan gaɓa fiƙihu da dokar boko sun kusa haɗuwa: sulhu yana ɗaurewa, ɓoye gaskiya yana kwance shi. Bambancin shi ne malam na iya kiran wan ya tuna masa Allah a kan abin da takarda ba ta faɗa ba. Alƙalin zartarwa ba shi da wannan dama, malamin kuma ba shi da wisiye.

A ƙara wa alƙali iko, ko a bar shi yadda yake?

Masu goyon bayan iyakar suna cewa amfanin sulhu shi ne rigima ta mutu. Idan kowane alƙali zai iya taɓa shi, ba wanda zai yarda ya sassauta, don bai san abin da za a ƙara masa gobe ba. Wanda ya sayi gida daga magaji, ko bankin da ya karɓi jingina, su ma suna dogara da takardar ce. Dokar OHADA kan shiga tsakani ta 23 ga Nuwamba 2017 ta bi wannan ra'ayi ƙarara: alƙalin da aka kawo wa yarjejeniya ya duba sahihancinta cikin kwanakin aiki 15, ba shi da ikon sauya kalmominta, sai dai ya ƙi ta idan ta saɓa wa ginshiƙan doka.

Masu suka kuma suna cewa wannan ƙa'ida an gina ta ne a kan 'yan kasuwa biyu masu ƙarfi ɗaya, kowa da lauyansa. Zaman gado ba haka yake ba. Matar da ke takaba ba ta fita. Ƙanwar da baffanninta suka kewaye ana ce mata "kada ki ɓata zumunci" takan sa hannu ba don ta gamsu ba. Dokar ta san tilas na barazana da duka, amma tabbatar da tilas na kunya a gaban kotu abu ne mai wuyar gaske. A ganinsu ya kamata alƙali ya tsananta bincike tun kafin ya sa hannu: ya ga kowane magaji da idonsa, a karanta masa da Hausa ko Fulatanci, a faɗa masa adadin rabonsa kafin a tambaye shi ko ya yafe.

Idan aka lura, ɓangarorin biyu ba kan lokaci ɗaya suke magana ba. Na farko suna kare takarda bayan an gama, na biyu suna neman a kula kafin a gama. Hujjar masu suka ta fi ƙarfi a ranar tabbatarwa, ta masu goyon baya ta fi ƙarfi a ranar zartarwa.

Yadda abin ke faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi

Wanda ke riƙe da dukiya ba ya gaggawa. Yana cikin gidan, yana karɓar kuɗin haya, shanu na haihuwa a hannunsa. Duk giɓin da ke cikin takarda shi yake amfana, domin mai nema ne zai biya wisiye da lauya da kuɗin mota daga ƙauye zuwa kotu. Saboda haka abubuwan da ake ganin ƙanana ne a ranar sulhu su ne ke yanke hukunci daga baya: lambar titir da iyakokin gida, adadin shanu da sunan wanda suke hannunsa, ranar biya, abin da zai biyo baya idan ba a biya ba, wa zai ɗauki kuɗin notar da na awo, da ko matar marigayi za ta ci gaba da zama a ɗakinta da kuma har yaushe. Yarjejeniyar barin gida ba rabo ma tana da wa'adi: sashe na 815 na dokar farar hula bai yarda ta wuce shekara biyar ba sai an sabunta, kuma ba a tilasta wa magaji zama cikin tarayya har abada.

Ga iyalan da dukiyarsu ta ratsa iyaka akwai ƙarin mataki. Hukuncin sulhun da aka yi a Yola ko Mubi ba ya aiki kai tsaye a kan shagon da ke Garwa. Sai an kai shi gaban shugaban kotun farko a Kamaru ya ba da izinin zartarwa, kamar yadda dokar 2007 ta tsara, bayan ya duba ko an kira kowa yadda ya kamata da ko bai saɓa wa ginshiƙan dokar ƙasa ba. Tsakanin Kuseri da Njamena dokar kama kaya ɗaya ce, tunda duka ƙasashen biyu suna OHADA, amma hatimin wannan gaɓa ba ya umartar wisiyen wancan gaɓa. Magajin da ya haye gadar Ngeli da goros a hannu zai fara ne daga ofishin magatakardan kotu, da takardar neman izini.